Zaga Kyoto da ƙafa cikin kwana uku: ta ina ake farawa?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya ce ga waɗanda suka san Kyoto, tsohon babban birnin Japan. Mutum yana da kwana uku cur a garin, masaukinsa kusa da babbar tashar jirgi, kuma so yake ya ga tsohon gari da ƙafarsa, ba ta tagar mota ba. Ta ina zai fara, me zai bari? Ana ta cewa garin na 'yan ƙafa ne, amma a taswira wuraren sun yi wa juna nisa.

Injiniya: Wa alaikumus salam Baban Ilham. Taswirar ba ta yi maka ƙarya ba. Kyoto a kwari take, tsaunuka sun kewaye ta gabas da arewa da yamma, kuma yawancin tsofaffin wuraren bautar da ake zuwa gani a gindin tsaunukan suke. Tsakiyar garin shimfiɗaɗɗiya ce, ofisoshi da kantuna. Wanda ya ce zai taka daga Kiyomizu a gabas har Arashiyama a yamma, ya wuce kilomita goma yana kallon kwalta da siminti. Dabarar ita ce kowace rana ka ɗauki ɓangare ɗaya, jirgi ya kai ka bakinsa, ka taka shi ta fuska ɗaya, ka fita ta ɗaya bakin.

Ɓata a tsakiyar garin yana da wuya. Tun 794 da aka mai da shi babban birni aka yanka titunansa miƙaƙƙu, wasu kudu da arewa, wasu gabas da yamma, kamar yadda aka tsara birnin Chang'an na Sin. Manyan titunan gabas da yamma lamba suke ɗauke da ita: Ichijo na ɗaya a arewa, Nijo na biyu, Sanjo na uku, Shijo na huɗu, Gojo na biyar, har Kujo na tara a kudu. In lambar tana ƙaruwa, kudu ka nufa. Kogin Kamo yana gangarowa daga arewa, tsohuwar unguwar Higashiyama tana gabashinsa. A adireshi in ka ga agaru, arewa da mahaɗar ake nufi, sagaru kuma kudu.

Hajiya Mai Turare: Rana ta farko Higashiyama, babu wata muhawara a nan. Wurin bautar Kiyomizu-dera na buɗewa ƙarfe 6 na safe, sauran sai wajen 9, shi ya sa daga can ake farawa a yi arewa. Tsarin ke nan: Kiyomizu, a gangaro ta Sannenzaka da Ninenzaka, a wuce hasumiyar Yasaka mai hawa biyar, a bi Nene-no-michi ta gaban Kodai-ji, a ratsa lambun Maruyama, a fito gaban babbar ƙofar Chion-in, a ci gaba har Nanzen-ji. Daga nan a kama Hanyar Masanin Falsafa, kilomita biyu a bakin ƙaramar magudanar ruwa, ta ajiye ka a Ginkaku-ji. A miƙe kusan kilomita bakwai ne. In ka haɗa da shiga da fita cikin lambuna da hawan matakala, lissafa fiye da goma.

A Kiyomizu kada kallon gari daga kan dandamali ya ɗauke maka hankali ka manta da ƙarƙashinsa. Ka bi hanyar da ke gangarawa wajen ruwan Otowa, ka ɗaga kai. Dandamalin ya kai mita 13 daga ƙasa, ginshiƙan katako ne aka sassaƙa aka cusa cikin juna, babu ƙusa. Ginin da ke tsaye yanzu na 1633 ne.

Ɗan Damagaram: Hajiya, da girmamawa, ni akasin haka nake gani. Mai farawa ƙarfe 6 zai ratsa Sannenzaka kantuna duk a rufe, ya iso Kodai-ji ƙofa a garƙame. Me ya gani ke nan? A fara daga Ginkaku-ji da safe a yi kudu, a iso Kiyomizu da yamma rana na faɗuwa. Dandamalin yana kallon gari, hasken la'asar ya fi kyau a can.

Hajiya Mai Turare: Ƙanena, ka lissafa hawa? Tsarinka yana ajiye wa mutum tudu mafi tsayi a ƙarshen yini, lokacin da gwiwa ta riga ta mutu. Kuma daga ƙarfe 10 zuwa la'asar Sannenzaka ba tafiya ake yi ba, turereniya ce, matakalar dutse ce siririya, ga 'yan makaranta ayari-ayari. Kantunan nan kayan tsaraba ne da za ka samu a wani wurin. Gidajen katakon da rufin su ne abin kallo, su kuwa sai titi ya zama wayam ake ganinsu. Batun ƙofa a rufe, Kiyomizu kaɗai tana cin awa ɗaya da rabi in ba gudu kake ba. Ka sauko a hankali, ka karya kumallo, 9 ta yi.

Ɗan Damagaram: Na yarda da batun tudun. Amma in lokacin sanyi ne a kula da agogo. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5, Ginkaku-ji kuma tana rufewa 4:30 a watannin sanyi. Wanda ya yi nawa a Nanzen-ji zai iso ya tarar an ja ƙofa.

Injiniya: Wannan gaskiya ne. Ga kuma gyara ɗaya: ba dole a yi hanyar duka rana ɗaya ba. Tashar Keage ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin Tozai, tana kusa da Nanzen-ji. In ƙafa ta ƙi, nan ne mafita. Kafin ka fita dai ka shiga bayan Nanzen-ji ka ga gadar jan bulo mai bakuna, wadda ke ɗauke da ruwan tafkin Biwa. Aikin ƙarshen shekarun 1880 ne, har yau ruwa na gudu a kanta. Akwai matakala a gefe, kana iya hawa ka bi bakin ruwan.

Yadda za ka isa Kiyomizu da asuba daga babbar tasha: ko tasi, ko bas mai lamba 206 ka sauka a Gojo-zaka ka hau tudu minti goma. In ta jirgin Keihan ka zo, daga tashar Kiyomizu-Gojo minti ashirin zuwa ashirin da biyar ne a ƙafa.

Baban Ilham: To batun bas ɗin fa? Na ji ana cewa akwai tikitin yini guda mai araha.

Malamar Lissafi: Tsohon labari ne, Baban Ilham. Tikitin yini na bas zalla an daina sayar da shi a 2023, saboda baƙi sun cika bas har 'yan gari ba sa samun shiga. Wanda ya rage shi ne na bas haɗe da jirgin ƙarƙashin ƙasa, yen 1,100. Bas a cikin gari yen 230 ne duk inda za ka. Yi lissafi: sai ka hau sau biyar kafin tikitin ya biya kansa. Mai tafiyar ƙafa sau biyu ko uku yake hawa a yini. Ka sayi katin ICOCA a tasha, ka zuba masa kuɗi, yana aiki a bas da jiragen ƙasa na JR da Keihan da Hankyu da jirgin ƙarƙashin ƙasa, har kantuna.

Yawancin bas ɗin ta ƙofar baya ake shiga, a fita ta gaba, a biya wajen fita. Ka tanadi kuɗinka tun mota na tsaye a danja, kada ka tsare layi. Inda duk jirgi yake zuwa, bar bas. Da rana bas ɗin Higashiyama yakan zo a cike ya wuce ka, na biyu ma haka, ga cunkoson titin Higashioji.

Alhajin Kumasi: Rana ta biyu Fushimi Inari, wurin bautar da ke jikin dutse a kudancin gari, mai jerin jajayen ƙofofi. Kuskuren da ya fi yawa a nan na jirgi ne. Layin JR Nara daga babbar tasha, tasha ta biyu ita ce Inari, minti biyar. Amma ba lallai kowane jirgi ya tsaya a can ba. In ka faɗa mai saurin, yana iya wucewa da kai. Duba allon kafin ka shiga.

Wurin ba shi da ƙofar da ake rufewa, ba a biyan ko sisi. Dutsen mita 233 ne, zagayen hawa da sauka kimanin kilomita huɗu, awa biyu zuwa uku, kusan duka matakala, a ƙarƙashin jajayen ƙofofin nan dubbai. Jama'a a ƙasa suke cunkushewa wajen Senbon Torii, inda ƙofofin suka fi matsuwa, suna ɗaukar hoto. Kana wuce nan suna raguwa. Bayan minti 30 zuwa 45 za ka iso mahaɗar Yotsutsuji, inda ake hango kudancin gari. Shawarata ga mai kwana uku: daga nan a juyo. Ƙololuwar babu abin hangowa, itatuwa sun rufe.

Hajiya Mai Turare: Alhaji a nan mun rabu. Sama da Yotsutsuji ne wurin ya fi daɗi, shiru, gansakuka a kan duwatsu, gumakan yanyawa da jajayen ƙyallaye a wuya. In ka waiwayo kana saukowa za ka ga bayan kowace ƙofa an rubuta sunan wanda ya ba da ita da ranar da aka kafa ta, galibi 'yan kasuwa da kamfanoni. Wanda ke da lafiyar gwiwa ya ƙarasa.

Alhajin Kumasi: Wanda ke da lafiyar gwiwa, kin faɗa da bakinki. Jiya ya taka kilomita goma, gobe ma zai taka. Saukowa ce ke cin gwiwa, ba hawa ba, kuma in an yi ruwa dutsen santsi gare shi. Ruwan sha a saye shi a ƙasa, injinan sayarwa na kan dutsen suna ƙara kuɗi yadda kake ƙara hawa. Masu son zuwa da dare su sani akwai alluna da ke gargaɗi kan aladen daji, kada a bar hanya mai fitila.

In an sauko kafin 10, sauran yinin na tsakiyar gari ne, ba tudu. Sanjusangen-do: zaure ɗaya mai tsawon mita 120, gumaka 1,001 a jere, an hana hoto. Sai kasuwar Nishiki, lungu ɗaya mai rufi, kusan mita 400. Sai fadar Nijo da shugaban mulkin soja Tokugawa Ieyasu ya gina a 1603, wadda daɓen katakonta ke kuka kamar tsuntsu in an taka.

Malam na Zariya: Kafin a wuce, bari in tabo abin da na san yana ran Baban Ilham ko da bai faɗa ba. Kusan duk sunayen da aka jero wuraren bauta ne. Sunan da ke ƙarewa da -ji ko -dera ko -in na mabiya Buddha ne, mai jinja ko taisha ko jingu na Shinto ne, addinin gargajiyar Japan. Hukuncin shiga don kallo, kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi tun kafin ya tashi. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda wuraren suke: babu mai tilasta maka rusunawa, ko tafi, ko jefa tsaba a akwati, ko wanke hannu a kwamin da ke bakin ƙofa. Mai kallo yana bin gefe ya wuce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga zauren gumaka ba, garin bai ƙare masa ba: fadar Nijo, lambun fadar sarki, bakin kogin Kamo, Hanyar Masanin Falsafa, titunan Gion, duk ba wuraren ibada ba ne.

Sai alƙibla. Mun saba cewa gabas har kalmar ta zame mana sunan alƙibla. A Kyoto alƙibla yamma take, da 'yar karkata zuwa arewa, wajen digiri 290. Tsarin titunan yana taimako: ka fuskanci yamma yadda Shijo ko Sanjo suka miƙa, ka ɗan juya dama kaɗan. Akwai ƙaramin masallaci a yankin Kojinguchi, tsakanin lambun fadar sarki da kogin Kamo, a bincika lokacin Juma'a tun da wuri. A Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe 5, asuba tana shiga wajen 3 na dare, a saita agogo. Ƙaramar darduma mai naɗewa ta zauna a jaka.

Maman Haidar: Allah ya saka, Malam. Bari in ɗora da abinci, don nan ne ake zamewa ba a sani ba. Naman alade a fili ba shi ne matsalar ba, ana gane shi. Matsalar romo da miya. Taliyar ramen galibi romonta na ƙashin alade ne, ko da kaza aka ɗora a kai. Mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi, tana shiga miyar da ake shafa wa kifi da kaza, da romon taliyar udon da soba, wani lokaci har shinkafar sushi. A jikin leda a nemi waɗannan: 豚 alade, 酒 giya, みりん mirin, ゼラチン gelatin, ラード kitsen alade. A ajiye hotonsu a waya. Manhajar fassara ta kyamara tana karanta su, amma in rubutun ƙanana ne tana kuskure.

Abin da ke fitar da mai tafiya: dafaffen ƙwai, ayaba, gyaɗa, gasasshen dankali, curin shinkafa na gishiri zalla daga kantunan Lawson ko 7-Eleven ko FamilyMart, shi ma a duba bayansa. Kyoto garin awara ne. Kusa da Nanzen-ji gidajen yudofu ne jere, awara ce farar fat a tukunyar ruwan zafi da ganyen teku, ba soyayya irin tamu ba, kuma babu yaji, a tafi da ɗan ƙullin yaji. Miyar tsomawar ce abin tambaya. Akwai gidajen abinci masu shaidar halal a wajen Gion da Kawaramachi da babbar tasha, amma ƙanana ne, suna buɗewa suna rufewa, a tabbatar ranar da za a je.

In za a ci a bakin kogin Kamo a kula da sama. Shirwa tana shawagi, ta baya take zuwa ta fauce abin da ke hannunka, wani lokaci har da yakushi. A zauna ƙarƙashin itace ko gada.

Baban Ilham: Shirwa har Japan! To rana ta uku, Arashiyama ko Kinkaku-ji?

Injiniya: Ana iya haɗa su, don duk yamma suke. Jirgin JR Sagano zuwa Saga-Arashiyama, kimanin minti 15. Kurmin gorar da ake ta yaɗa hotonsa gajere ne, bai fi rabin kilomita ba, in ba kafin 8 ka je ba ƙeyar mutane za ka kalla. Ka gama da shi, ka shiga lambun Tenryu-ji, sannan ka yi arewa ta Saga-Toriimoto, inda tsofaffin gidaje masu rufin ciyawa suke kuma jama'a ba su cika kaiwa ba. Ka dawo ka hau taragon Randen, ka canza a Katabiranotsuji, ka sauka kusa da Ryoan-ji, lambun tsakuwa mai duwatsu 15. Daga nan minti ashirin a ƙafa zuwa Kinkaku-ji. Ginin zinariyar da za ka gani na 1955 ne, na asalin an ƙone shi a 1950. Hanya ɗaya ake bi a ciki, ba a komawa baya, minti arba'in ka fito.

Ɗan Damagaram: Yini ne mai nauyi wannan. Ni da zan cire kurmin gorar in ba garin Nara ranar. Minti 45 a jirgi, komai a fili ɗaya, Todai-ji da barewar da ke yawo cikin mutane.

Hajiya Mai Turare: Ya ce Kyoto kwana uku, kada mu ƙara masa gari. Nara sai in ya samu na huɗu.

Malamar Lissafi: Ƙananan abubuwan da ke ɓata yini. Takalmi: wanda ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba, kuma mai saurin cirewa, don a Nijo da Sanjusangen-do da Ryoan-ji duk sai an tuɓe. Mai igiya zai gajiyar da kai. Safa mai tsabta marar huda, mai kauri in sanyi ne, daɓen katakon nan kamar ƙanƙara yake a Janairu. Filasta a aljihu, a manna tun wurin ya fara zafi, kafin ya yi bororo. Lambun fadar sarki tsakuwa ce zalla, tana cin ƙafa, ka bi siririn layin da masu keke suka murje.

Kwandon shara da wuya ka gani a titi, leda a jaka, ka kai masauki. Kuɗin shiga wuraren yawanci tsakanin yen 500 da 1,000 ne, Nijo ta ɗara haka, kuma da yawa tsabar kuɗi suke karɓa. Injin cirar kuɗi na 7-Eleven da na gidan waya suna karɓar katin waje. Fasfo ya zauna a jikinka, doka ce ga baƙo. Babbar jaka kada ta bi ka Higashiyama, a bar ta a masauki ko akwatunan ajiya na tasha, su ma kafin hantsi manyan sun cika.

Mota hagu take bi a Japan, wanda ya saba da titin Najeriya ko Nijar ko Ghana ya fara duba dama kafin ya tsallaka. Keke kuma a kan hanyar 'yan ƙafa yake gudu, ba ƙara.

Maman Haidar: A Gion a kiyaye. Babban titin Hanamikoji na kowa ne, amma lungunan da ke gefensa mallakar masu gidajen ne. Tun 2019 aka kafa allunan hana hoto a cikinsu da tarar yen 10,000, a 2024 aka fara hana baƙi shiga wasunsu gaba ɗaya. In ka ga geiko ko maiko, matan nan masu rawa da waƙar gargajiya, aiki take tafiya, ba a tare ta, ba a bin ta. A Nishiki kuma ba a ci ana tafiya, inda ka saya nan za ka tsaya ka cinye.

Alhajin Kumasi: Baban Ilham bai faɗi wata ba, kuma shi ne rabin maganar. Ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu lokacin da itatuwan sakura ke fure, tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshensa jan ganye, su ne mafi kyau kuma mafi cunkoso da tsadar masauki. Daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu hutun 'yan ƙasa ne, a kauce. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina. Yuli da Agusta kuma kada wani ya ce shi ɗan Sakkwato ne zafi ba ya ba shi tsoro. Namu busasshe ne, zufa na bushewa ta sanyaya jiki. Na Kyoto kwari ne mai ɗanshi, iska ba ta motsi, zufa na zuba ba ta bushewa, digiri 35 a can yana kayar da mutum. In dole sai lokacin, a taka daga asuba zuwa 11, a fake, a fito bayan la'asar, ruwa lita biyu da abin sha mai gishiri. Lambar motar asibiti 119.

Baban Ilham: Ƙarshen Oktoba ne in Allah ya yarda. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Hajiya Mai Turare: Ka dace da yanayi, sai dai ganye bai gama ja ba a lokacin. In 22 ga wata ta same ka a can, ranar Jidai Matsuri ce, jerin gwano daga fadar sarki zuwa wurin bautar Heian Jingu, ana rufe tituna a hanyarsa, bas na canza hanya. Kada ka sa Higashiyama ranar, hanyarka ta Chion-in zuwa Nanzen-ji tana ratsa kusa da inda suke ƙarewa. Ka mai da ita ranar Arashiyama. Riga mai ɗan kauri don asuba, zuwa hantsi za ka cire ta.